Sadakina Yana Tsaye a Bakin Gaɓa

Tun da na bar garinmu, ba a taɓa yin shekarar da kalwa, ƙwayar ɗorawar da ake daddawa da ita, ba ta zo mini ba sai bana. Duk ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka, ƙanwata takan ɗaure ta a buhu ta ba direban motar kasuwa, shi kuma ya sauke mini a ƙofar gidan ɗana a birni, inda nake zaune tun bayan rasuwar maigidana. Ba don na rasa abin miya ba ne. Jikokina ma ba sa son warin daddawa, sun fi son ɗan dunƙulen nan da ake naɗewa a takarda. Amma idan na kwance bakin buhun na nutsa hannuna cikin ƙwayoyin, na ji santsinsu da sanyinsu, sai in ji kamar an aiko mini da gaisuwa daga wanda ba shi da sauran halin aiko da gaisuwa. Bana na jira, shiru. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, shiru. Da na gaji na sa aka kira mini ƙanwata, sai ta yi ta jan gaisuwa, ta tambayi ƙafata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har na ce mata, "Ke, ina kalwata?" Ta ce, "Yaya, wannan ba maganar waya ba ce. In ƙafarki za ta yarda, ki zo ki gani da idonki."

Kafin in faɗi abin da na gani, sai na faɗi abin da na bari, don wanda bai san gari da rai ba ba zai gane gawarsa ba.

Garinmu ɗan ƙarami ne, arewa da Kano, idan an wuce Zakirai an saki kwalta an bi turba tsakanin gonaki. Yana da sunansa a takardun hukuma, amma mu da maƙwabtanmu Bakin Gaɓa kawai muke cewa, saboda a kan gaɓar wani rafi yake zaune, kamar tsuntsu a kan katanga. Rafin ba mai gudu kullum ba ne. Da damina yakan cika ya yi ja, ya yi ta ruri har mu kasa jin kiran salla daga ƙetare. Da rani kuwa sai ya kwanta ya zama farin yashi mai faɗi, ruwan ya ɓuya a ƙarƙashi. Kakata ta ce wannan ɓoyayyen ruwan ne ya kafa garin. Wai a wata shekarar fari gidaje uku suka taso daga arewa da jakunansu, suka yada zango a gaɓar don su huta su wuce, sai wata jaka ta sa kofato ta tona yashi, ruwa ya tsattsafo. Tsohon cikinsu ya ce, "Inda jaki ya sha, nan mutum zai zauna." Daga gidajen nan uku duk muka fito, shi ya sa a garinmu ko faɗa aka yi, kafin la'asar an gano ashe ɗan'uwa aka zaga.

Ba mu da daji. Gona tana jingine da gona, gamba ce iyaka, wani wurin shingen lalle, kuma babu taƙin ƙasar da ba a san mai shi ba. Da asuba ƙarar daka ce take tashin gari, sai kukan jigo daga lambunan bakin rafi, wannan dogon itacen da ake ɗaura wa guga ana ɗebo ruwa ana zuba wa albasa, yana ƙiii yana ƙaaa kamar tsoho mai ciwon baya. Mu 'yan mata mukan sauka yashi da tuluna, kowa ta tona raminta da ƙoƙo, ta zauna ta jira ruwa ya taru ya kwanta. A wannan jiran ake yin kitso, ake yin gulma, ake sanin wa yake son wa. Yanzu jikata tana murɗa famfo ta cika bokiti tana kallon waya, ba ta ce wa kowa komai ba, ba wanda ya ce mata. Ban ce namu ya fi sauƙi ba, wuyana shaida ne. Na ce dai ruwanmu da hira ake ɗibarsa.

Akwai wata al'ada tamu da sai na bayyana, don duk labarina a kanta yake rataye. A wurinmu gona daban, itacen da yake cikinta daban. Mutum zai iya mallakar gona, amma kukar da take tsakiyarta ta wani ce, ya gada daga kakarsa. Ana gadon itace, ana kyautarsa, ana sayar da shi ba tare da an taɓa ƙasar da yake kai ba. Dattawa sukan ce, "Ƙasa ta mai gona, 'ya'ya na mai itace, inuwa ta kowa." Kuma mai itace ba a hana shi hanya, ko da dawa ta kai kafaɗa sai a bar masa 'yar siririyar turba zuwa gindin abinsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Ba wanda ya taɓa zaton sai an rubuta.

A can ƙarshen gari, daidai inda gaɓa ta fi tsayi, akwai wata ɗorawa da mutum uku ba sa zagaye gindinta da hannu. Da sanyi ya fara ja baya sai ta fitar da tutu, jajayen ƙwallaye suna reto kamar 'yan kunnen amarya, ƙudan zuma suna ta shawagi a kansu. A gindinta nake karanta wa ƙawayena littattafai. Ni kaɗai ce a cikinmu na yi firamare har na ƙare, kuma a lokacin ne littattafan soyayya suka fara shigowa ƙauyuka. Wani mai keke ne yake zuwa da su ranar kasuwa, a cikin kwali, a ƙarƙashin allurai da man shafawa, yana ba da haya mako guda. Nakan ɓoye nawa a cikin zanen goyon ƙanwata. Wayyo, waɗannan littattafai! A cikinsu saurayi yakan zo da mota mai sheƙi, ya rubuta wasiƙa shafi huɗu, ya kasa cin abinci saboda so. A cikinsu ana jera akwatunan lefe har su tokare rufi. Ni kuwa na sha su kamar kunu, har tafiyata ta canza, har idan na ɗauko tulu nakan ji kamar wani yana kallona daga nesa yana rubuta ni.

Wata rana da hantsi, lokacin da 'ya'yan ɗorawa suka bushe, muna zaune mu biyar, na kai ƙarshen wani littafi inda aka kai amarya gidan bene. Ƙawayena suka fara buri. Wannan ta ce ita mai babur take so, waccan ta ce mai shago a birni. Suka ce, "Ke fa, Malama mai karatu?" Na rufe littafi, na ɗaga kai kamar yadda na ga taurarin ciki suna yi, na ce, "Ni duk wannan ƙaramin abu ne. Atamfa tana koɗewa, babur yana tsufa. Ni wanda zan aura sai ya ba ni abin da ba a taɓa ba wata mace ba, abin da ba ya ƙarewa." Suka kwashe da shewa. Ba su rufe baki ba sai ga damin ɗorawa ya faɗo tim a gabanmu. Muka watse da ihu, muka ɗaga kai, ashe akwai mutum a sama tun kafin mu zo, yana zaune a kan reshe da maƙatarsa, kunya ta hana shi motsi. Wani saurayi ne mai lambun albasa a ƙasan gaɓa, jikan tsohuwar da take da itacen. Ya ce, "Ku yi haƙuri, hannuna ne ya gaji." Abin da ya ce ke nan. Muka gudu muna dariya, ni kuwa kafin kwana biyu na manta da na taɓa yin wannan magana, don irinta nakan yi goma a rana.

Sai da damina biyu ta wuce sannan ya fara zuwa zance wurina. Ba ya rubuta wasiƙa. Ba ya cewa ya kasa barci. Yakan zo ya zauna a bakin dakali, ya ajiye rake ko 'yan tumatir a gefe, ya tambayi lafiyar Inna, ya yi shiru. Ni ce nake cike shirun da abin da na karanta. Idan ya sunkuyar da kai sai in ce a raina so ne ya yi masa nauyi, alhali mai yiwuwa tunanin jigonsa yake yi. Amma yana da wani irin kallo mai sanyi, kuma bai taɓa yi mini dariya ba ko da na yi maganar littafi. Ba wanda ya tilasta ni. Da Baba ya aiko Inna ta tambaye ni, na rufe fuska na ce shi nake so.

Ranar ɗaurin aure muna cikin gida, ni a ƙuryar ɗaki an lulluɓe ni, ƙawaye sun kewaye ni, maza suna ƙofar gida. A garinmu akwai sanƙira, mai shelar ɗaurin aure, mutum ne mai murya kamar kakaki da bakin barkwanci. Duk abin da waliyyai suka faɗa a hankali, shi yake ɗagawa sama kowa ya ji ya zama shaida. Muka kasa kunne. Na riga na shirya yadda zan sunkuyar da kai idan an faɗi sadaki, kamar yadda ake yi a littafi. Sai muryarsa ta tsallako katanga: "Jama'a ku shaida! An ba da, an karɓa! Sadaki ɗorawa ɗaya, ta bakin gaɓa, da rassanta da saiwarta, lakadan ba ajalan ba!"

Sannan dariya ta fashe. Maza suna yi a waje, mata suna yi a tsakar gida, har da masu riƙe ciki. Wata gwaggona ta ce, "To ai sai a kawo igiya a ɗaure mata a bakin zane!" Wata ta ce, "Amarya, in kin yi yaji da me za ki ɗauke shi?" Kafin a shafa fatiha na sami sunan da ya bi ni har tsufa: Amaryar Ɗorawa. Na yi kuka a ranar, kowa ya ɗauka kukan rabuwa da gida ne. Inna kaɗai ta gane. Ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Share hawayenki, sakarya. Na ƙawayenki za a kashe kafin sallar layya. Naki sai dai ya binne ki." Ban ji ta ba. Abin da na sa a raina shi ne talauci ne ya sa, kakarsa ta rasu ta bar masa itace, ba shi da abin bayarwa sai shi, Baba kuma ya rufa masa asiri.

Na zauna da Malam lafiya, haka nake kiransa. Itacen kuwa ya yi mana abin da Inna ta faɗa. Garin 'ya'yansa mai ruwan ɗorawa yara suka sha har bakinsu ya rine. Kalwar na dafa na yi daddawa, har daga ƙetaren rafi ake aikowa a saya. Ɓawon muka jiƙa muka yi makuba, muka shafe daɓen ɗaki da katanga, ruwa bai taɓa cin gininmu ba. Kowace shekara shi yake hawa da kansa ya kakkaɓo, ya tara, ya ɗauko a ka ya sauke a gabana ya ce, "Ga kayanki." Ko tsinke bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaye ni. Duk da haka ƙullin nan bai kwance ba. Sau ɗaya, a wata shekara da aka kawo lefen ƙanwata na ga akwatuna, na dawo gida zuciyata a cushe, ya yi mini wata 'yar magana a kan tuwo, sai na ce, "Ai dole a raina ni, macen da aka aura da itace." Ya dube ni da wannan kallon nasa mai sanyi, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya ɗauki butarsa ya fita. Bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na ɗauka akwai lokaci.

To, wannan shi ne garin da na bari. Ga wanda na tarar.

Ɗana ne ya kai ni a mota, kuma tun daga inda ake sakin kwalta na fara salati. Turbar da jakuna biyu ba sa wucewa tare ta zama wani faffaɗan rauni, manyan tifofi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, yashi yana zuba daga bayansu. Gambar iyaka babu, shingen lalle babu. Na ce wa ɗana, "Kai, ka ɓata hanya." Ya ce, "Umma, nan ne." Ban tsaya shan ruwa ba, na kama hannun ƙanwata na ce ta kai ni gaɓa. Muka bi ta bayan masallaci, muka wuce gidan da aka haife ni, na ɗaga ƙafa zan taka inda na taka sau dubu, sai ƙanwata ta fizgo ni baya. Babu ƙasa a wurin. Gaɓar da garinmu ya ci sunanta babu ita. Lambunan albasa, ramukan da muke tonawa, farin yashin da muke zama a kai, duk an kwashe, an loda a mota, an kai birni an buga bulo. Abin da ya rage wani rami ne da idona ya kasa kai wa ƙarshensa, zurfinsa ya fi tsayin soro biyu, da koren ruwa kwance a ƙasa. Na tuna gidan ɗana da bulo aka gina shi. Ashe shekarun nan ina kwana a cikin garinmu ban sani ba.

A tsakiyar ramin kuwa, ita kaɗai, ga ɗorawata. An yashe ƙasa ta kowane gefe an bar ta a kan wani dogon turken ƙasa kamar rumbu, saiwoyinta a waje suna reto a iska kamar yatsun mai neman taimako. 'Ya'yanta na bana suna nan a sama sun bushe, ba mai iya kaiwa gare su. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa, bakina yana yi, hankalina ba ya wurin.

Ƙanwata ta tsuguna ta ba ni labari. Mai gonar da itacen yake ciki ya daɗe da rasuwa, jikokinsa suka sayar wa wani Alhaji mai tifofi yashin. Da farko 'yan garinmu ne suke lodi da shebur, kuma duk lokacin da suka zo kusa da itacen sai su kauce, su ce wannan ta Amaryar Ɗorawa ce. Shi ya sa aka bar ta a tsaye. "Amma yanzu, Yaya, ya kawo katafila daga wani wuri, direban bai san kowa ba. Sun ce yashin da yake ƙarƙashinta ya fi ko'ina kyau. Jibi za su tuge ta."

Washegari da hantsi muna zauren dagaci. Shi ma ba wanda na sani ba ne, ɗansa ne, matashi mai tabarau, na san ranar sunansa. Aka kira babban jikan mai gona, ya zo da takarda a leda. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ƙi Iya ba. Amma ga takarda, gona da abin da yake cikinta. Ni ban taɓa jin inda mutum yake da itace a gonar wani ba. In tana so, a sare a kai mata itacen girki har birni."

Na ji kamar ya mare ni. Na ce, "Yaro, sadakina ne za ka kai mini a matsayin itacen girki?"

Wasu samari a bakin ƙofa suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Dagaci ya ce, "Iya, na ji wannan al'ada a bakin mahaifina, ban musa ba. Amma Alhajin nan takarda ya sani. Kina da rubutu? Ko shaida, wanda ya ji da kunnensa?"

Na fara lissafa su a zuci. Baba ya tafi. Waliyyina ya tafi. Liman ya tafi. Malam ya tafi. Ashe duk waɗanda suka san ni an kwashe su kamar yashin. Sai ƙanwata ta ce, "Ranka ya daɗe, Sanƙira yana nan. Ido ne babu, amma baki yana nan."

Aka ɗauko shi a amalanke, an shimfiɗa masa tabarma a ciki. Ya ƙanƙance ya zama kamar kara, ba haƙori ko ɗaya. Labari ya riga ya zaga gari, tsofaffi maza da mata suka biyo shi suka cika ƙofar zaure. Da aka zaunar da shi na gaishe shi, ya karkata kai ya ce, "Wannan murya... Kai! Amaryar Ɗorawa! Ke ce kika tsufa haka? Da na san za ki lalace da ban yi miki shela da ƙarfi ba."

Na ce, "Baba, kai da ba ka gani, ina ka ga tsufana?"

Ya ce, "A muryarki, ta yi tsatsa kamar jigo."

Dagaci ya ce, "Baba, aure nawa ka yi wa shela a garin nan?"

"Duk wanda yake zauren nan, in ba shege ba ne, ni na yi wa uwarsa."

"To a cikinsu duka, za ka tuna sadakin wannan baiwar Allah?"

Tsohon ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Na sauran duk na manta, kuɗi ne, kuɗi kuwa kamarsu ɗaya. Wannan ko a kabari aka tashe ni." Ya sa aka ɗaga shi tsaye. Ya sa hannu ɗaya a kunne, ya ja numfashi, sai ga wata murya ta fito daga wannan ƙirjin na kara, ta tsage amma ita ce: "Jama'a ku shaida! An ba da, an karɓa! Sadaki ɗorawa ɗaya, ta bakin gaɓa, da rassanta da saiwarta..."

Bai ƙarasa ba. Tsofaffin da suke ƙofa ne suka ƙarasa masa, baki ɗaya, maza da mata: "Lakadan ba ajalan ba!" Sai dariya, irin waccan dariyar, har da masu share hawaye da bakin mayafi. Dariyar da ta sa ni kuka a ƙuryar ɗaki, wadda na ɗauke ta a matsayin tabo kusan shekara arba'in, ita ce takardata. Da kuɗi aka ba ni, da ba mai tunawa.

Dagaci ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Shaidu sun yi yawa. Ƙasa ta mai gona, 'ya'ya na mai itace, inuwa ta kowa. Ba za a taɓa ta ba. Kuma mai itace ba a hana shi hanya, sai a cike mata turba har gindi." Jikan mai gona ya ce, "Ranka ya daɗe, inuwar fa? Ai yanzu a rami take faɗawa." Ya ce, "To ku cike har inuwar ta sami wurin kwanciya."

Na ɗauka an gama. Ana shirin mayar da Sanƙira amalanke sai ya laluba ya kama bakin mayafina, ya ce in matso. Ya rage murya. "Amarya, mijinki ya taɓa gaya miki dalili?"

Na ce, "Wane dalili, Baba? Ai babu ce."

"Babu? Wa ya ce miki babu? Shekarar nan albasa ta yi kuɗi, jaki uku ya kai kasuwa. Da safen ɗaurin aure na ja shi gefe na ce, yaro, kada ka sa a yi mana dariya, in ba ka da shi in yi magana da kawunka. Ya kama hannuna ya ɗora a aljihunsa, na ji shi dam. Ya ce, 'Baba, akwai. Amma ita ta ce sai abin da ba a taɓa ba wata mace ba, abin da ba ya ƙarewa. Na duba duk abin da na mallaka, wannan kaɗai na gani.' Na ce, yaushe ta gaya maka? Ya ce, 'Ba ni ta gaya wa ba. Ina sama ne na ji.'"

Ban san lokacin da aka tafi da shi ba. Na zauna a zauren nan mutane suna fita suna yi mini barka, ni kuwa ina ganin damin ɗorawa yana faɗowa a gaban wasu 'yan mata biyar. Na karanta littattafai sun fi ɗari ina neman namijin da zai ji maganar mace sau ɗaya ya riƙe ta damina biyu, ina jin haushin ba a yin irinsu a ƙauye. Ashe ina tuƙa masa tuwo. Ashe shi na yi wa gorin ya aure ni da itace, ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗauki buta.

Kwana shida na yi a garin kafin su gama zuba turbar. Tifofin da suka kwashe ƙasar su suka dawo da wata, ja, ba irin tamu ba. Ba na yaudarar kaina. An yanke saiwoyi da yawa, ganyen gefen yamma ya fara rawaya, kuma ba wanda ya san abin da damina za ta yi wa sabon cikon. Mai yiwuwa baɗi a aiko mini da kalwa, mai yiwuwa a aiko mini da labari. Gaɓa dai ba za ta dawo ba, jigo ba zai sake kuka ba, yaran da za a haifa za su ji ana cewa Bakin Gaɓa su rasa dalili.

A rana ta bakwai da hantsi na ce kowa ya tsaya, ni kaɗai zan je. Na dogara sanda na bi jar turbar a hankali, rami a dama, rami a hagu. Da na isa na dafa gindinta, na sami sare-saren da Malam ya yi da gatari don ya riƙa taka ƙafa, sun cike sun zama tabo. Na ɗaga kai. Reshen yana nan, busassun 'ya'ya suna kaɗawa a kansa suna ƙaras-ƙaras. A ranar ɗaurin aure maza ne suka ce an karɓa, ni ba a ji bakina ba, kuma ban taɓa faɗa ba. Na gyara mayafina kamar mai shiga gaban miji, na ce, "Malam, na karɓa."